Ɗan tudu a tekun Kwatano: ranar da ƙullina ya kunyata ni

Duk wanda ya shiga motata sai ya tambayi mi ne ne wannan abu mai geza shuɗi da ruwan hoda da ke reto a jikin madubi, wasu su ce laya ce ta zamani, wata gwaggota ma cewa ta yi in cire shi don idanun nan nashi ba su kwanta mata ba. Ƴan fadarmu a Ali Ɗan Sofo kuwa sun ji labarin har ya gundure su, da na ce "lokacin da muke cikin teku" sai mai dafa shayi ya ce to, ga ta nan kuma. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya in huta.

Aikina rako motocin Alhaji ne daga Kwatano zuwa Maradi, kafin nan kuma na yi shekara 9 ina yaron kaminyo, ɗaurin kaya shi ne abincina, ku riƙe wannan don zai dawo a gaba. A watan Janairun 2023 ne, kafin a rufe iyakarmu da Binin, muka tashi kamar kullum: Konni, Dogon Dutsi, Dosso, mu gangara Gaya mu haye gadar Malanbil, sai Kandi, Paraku, Bohiko, Kwatano, wajen kilomita 1,400 ke nan, wanda ya sani ya sani. Muka tarar takardun motocin ba su fito ba, aka ce sai Litinin ko Talata, ga mu zaune a Zongo ba aikin fari ba na baƙi sai cin shinkafa da kallon ƴan zemijan, wato ƴan kabu-kabunsu, masu riguna ruwan ɗorawa. Nan ne mutumin da ke fiddo ma Alhaji kaya daga tashar jiragen ruwa, wanda shi da abokansa suke da wani ƙaramin jirgi mai inji biyu, ya ce in ba na tsoro in biyo su kamun kifi ranar Lahadi. Na ce tsoro kuma? A raina kuwa ruwan da na sani a duniya Gulbin Maradi ne da ke zuwa da damina ya tafi abinsa, sai tabkin Madarumfa inda muke zuwa da fatsa da tana muna yara.

Abin mamaki na farko, kamun kifin tun ranar Asabar da yamma aka fara shi, a kan teburi, a tsakar gida, ko ƙamshin ruwa babu. Yaron jirgin wani matashi ne ɗan Gaya, gidansu masunta ne a bakin Kwara, Hausa a bakinsa kamar ɗan Konni, shi ya zazzage akwati a gabana ya ce, "Yaya, zauna ka gani, in ka iya na nan na gobe wasa ne."

Wannan salon kamun, da Faransanci suna ce mai latiren, ma'ana ja. Ba tsayawa ake a jefa fatsa a jira ba, jirgin tafiya yake yi yana jan koto a baya, kuma koton ma na ƙarya ne, roba ce da ƙarfe. Akwai iri biyu a akwatin. Na farko kifin roba ne mai dogon leɓe a gaba, leɓen shi ke sa ya nutse ya dinga karkarwa in an ja shi, duk suna kiran irinsa Rapala da sunan kamfanin Finlan da ya yi suna a kai. Na biyu shi ne irin wanda ke madubina: kai mai tauri da idanu biyu, da rami a tsakiya inda zare ke wucewa, sai buje na roba mai geza a baya. Ni dai ban ga ya yi kama da wani kifi ba, na faɗa mai. Ya ce ba kama ake nema ba, motsi ake nema. Ya nuna mani fuskokin kan: mai kwarmi kamar ludayi shi yakan fito sama ya kwashi iska ya koma ƙasa yana barin dogon layin kumfa, mai fuska a karkace yakan yi ta kai da kawowa kamar kifin da ya ruɗe, mai tsini kamar harsashi kuma miƙewa yake sak, shi ake sa wa can nesa. Wasu a cikinsu kuɗin ƙwaya ɗaya ya kai na buhun hatsi, da na ji haka sai na ajiye na hannuna a hankali.

Sai sanda da abin naɗe zare, mulline suke ce mai, kamar kwarkwaron keken ɗinki ne amma ya kai girman gwangwanin madara babba, nasu Penn ne da Shimano. Zaren da ke ciki nilo ne mai ɗaukar kilo 24 kafin ya tsinke, ɗaruruwan mitoci. Na ce to in kifin ya fi kilo 24 fa? Ya yi dariya ya ce ai nan birki ya shigo. A gefen mullinen akwai wani ɗan hannu da ake turawa gaba ko baya, shi ke sa zaren ya dinga fita da kansa in ja ya yi yawa maimakon ya tsinke. Kuma ba da ka ake saita shi ba. Ya ɗauko sikelin rataye irin na masu awon kaya, ya maƙala a bakin zaren, ya ce in riƙe sandar a tsaye shi ya ja, ya dinga gyarawa har zaren ya fara fita daidai kan kilo 8. Ƙa'idar ita ce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren, wasu ma kashi ɗaya cikin huɗu suke sa wa. Ya kuma ja kunnena cewa in kifi ya kwashi zare da yawa, birkin da kansa yake ƙara ƙarfi don naɗin ya ragu, saboda haka wanda ya ga zare na ƙarewa ya ƙara matse birki shi ya tsinke abinsa da hannunsa.

Inda aikin yake shi ne zaren gaba. Babban zaren ba ya isa ga koto kai tsaye, a bakinsa ana ninka shi biyu da wani ƙulli mai murɗi sama da 20 da suke kira bimini, na ga ya sa gwiwa da hannu biyu har da haƙori kafin ya gama, sannan a ɗaura wani ɗan ƙarfe mai juyawa mai maƙali kamar fil ɗin zane, aikinsa ya hana zaren murɗewa kuma ya sa a iya canza koto cikin ƙiftawar ido. Daga nan sai zaren gaba, kamar mita 4, mai kauri amma bai kai kaurin tsinken ashana ba, mai ɗaukar kilo 60, don shi ke gogar baki da jikin kifi. A zura shi ta cikin kan koton, a jera ƴan duwatsun roba kamar na carbi a baya, sannan ƙugiya. Duwatsun nan ba ado ba ne, su ke auna inda ƙugiyar za ta tsaya, so ake lanƙwasarta ta zo daidai ƙarshen gezar, in ta shige ciki roba ta rufe tsinin, in ta fito da yawa kifi ya kai cizo ya wuce ta. Girman ƙugiya kuma a kan koton ake gwada shi, faɗin bakinta ya yi kusan faɗin kan, nasu yawanci lamba 8/0 ce. Duk da sababbi ne sai da ya bi kowace da ɗan magagari, ya gwada a farcensa, in ta zame ba ta yi ba sai ta kama.

To ga wurin da na fara girman kai. Na ga bai ƙulla ƙugiyar ba, sai ya zura zaren ta wani ɗan bututun alminiyom mai rami biyu, ya bi ta idon ƙugiya da ɗan tiyo na kariya, ya dawo ta ɗayan ramin, ya ƙona bakin da laita har ya yi ɗan kai kamar na ƙusa, ya ja ya daidaita, sannan ya matse da wani awartaki na musamman mai ramuka gwargwadon girman bututun. Ya ce a bar bakunan biyu a ɗan buɗe, kar a matse har gefe, in ba haka ba ƙarfen ya yanke zaren. Na ce, "Ƙanena, duk wannan wahalar ta mi? Ni na ɗaure tan 30 na shinkafa daga nan har Maradi buhu ɗaya bai faɗi ba, kawo in ƙulla ma." Ya ce, "Yaya, igiyar kaminyo tana cizon kanta, wannan santsi gare shi, in ya yi kauri haka ba ya son ƙulli." Na yi shiru amma ban yarda ba.

Da asuba muka yi salla muka nufi inda jirgin yake. An ba ni ƙwayar hana jiri tun kafin mu fita, an ɗaura mani rigar ceto, na karanta bismillahi majreha wa mursaha ya fi sau 7. Muna fita daga bayan katangar duwatsun tashar sai na gane teku ba tabki ba ce, ba wai igiyar ruwa mai fashewa ba, a'a, ruwan gaba ɗaya ne ke ɗagawa kamar tudu ya sauke ka, muka wuce manyan jirage da ke jiran layi, kowane ya fi babbar kasuwa tsawo a idona, ga hazon hunturu ya rufe gari har Kwatano ta ɓace. Kokon da na sha ya dawo, ba sai na yi bayani ba. Ɗan Gaya ya ce in daina kallon ƙafata in kalli can inda sama ta haɗu da ruwa, kuma ya yi amfani.

Bayan fiye da awa guda ruwan ya canza daga kore zuwa shuɗi kamar an zuba baba a marina, direban jirgin ya rage gudu zuwa mil 7 na ruwa a awa, wajen kilomita 13 a awa ke nan tunda mil ɗinsu kilomita 1.852 ne. Masu buje tsakanin mil 6 zuwa 8 suke aiki da kyau. Aka buɗe wasu dogayen sanduna biyu a gefe da gefe kamar ƙahon bijimin Bororo, tango suke ce masu, kowane da maƙali kamar na shanya da ke riƙe zare ya kai shi gefe, in kifi ya kama sai ya saki. Zare 5 muka ja. Na tsakiya aka fara saki, mai kan harsashi, can baya kamar mita 80, sai biyu na tango wajen mita 40 da 50, sai biyu na kusurwar jirgi kusa kusa, ɗaya mai kwarmi ɗaya Rapala. Ba a yin biyu tsawo ɗaya, kuma na nesa ake fara saki, don in jirgi ya juya kar su sarƙe, wanda ya taɓa warware zaren da ya cukurkuɗe cikin jirgi mai rawa shi ya san dalili. Abin da ya burge ni, yaron nan sai ya tsaya yana ƙara taku ɗaya yana rage taku ɗaya har koton ya hau fuskar igiyar da jirgin ke tayarwa, inda ruwan yake garau ba cikin farin kumfa ba. Ya ce in ƙirga, kowane daƙiƙa 4 ko 5 ya kamata mai kwarmin ya fito ya shaƙi iska ya koma. In yana tsalle yana wuntsilawa gudu ya yi yawa ko ya ɗebo ciyawa.

Daga nan sai jira da kallo. Su ba ruwa suke kallo ba, tsuntsaye suke nema da duk wani abu mai yawo a sama, kututture ko tsohuwar jarka, don ƙananan kifaye na fakewa a ƙarƙashi manya na biyo su.

Wajen ƙarfe 9 Rapala ta yi ƙara, barakuda ce, doguwa da haƙora kamar na tsage amma sun fi, ita Rapalar dama da waya aka haɗa ta shi ya sa barakudar ta iso jirgi. Ba a jima ba wata ta kai wa mai buje na tangon hagu, zaren ya yi ƙara sau ɗaya ya saki, muka naɗo babu koto babu ƙugiya, bakin zaren a yanke sumul kamar da reza. Ɗan Gaya ya ce ka ga aikin haƙori. A daidai lokacin direba ya hango kututture da tsuntsaye ya karkata, kafin ka ce kwabo sanda biyu sun lanƙwashe tare, aka ɗaura mani bel mai kofi a mara aka dasa gindin sandar a ciki, ana ta ihu "ɗaga, sauke ka naɗe, ɗaga, sauke ka naɗe", jirgin bai tsaya nan take ba don wasu su ƙara kamawa. Kifin ya yi tsalle na gan shi, wallahi ban taɓa ganin launi irin wannan a jikin mai rai ba, zinariya da kore da shuɗi, goshi a tsaye kamar an sare shi. Dorad suke ce ma wannan kifin. Na kai hannu zan naɗe zaren gaba a tafina yaron ya buge hannun, ya ce ko da wasa, yatsu ake rasawa a haka, shi da safar hannu ya kama ya sa ƙugiyar ɗauko kifi mai dogon icce ya wurgo ta ciki. Minti kaɗan launin nan duk ya dushe ta koma toka toka, har na ji wani iri.

To ana cikin wannan hayaniya, jini ko'ina, kowa na fama, ga zaren tangon hagu a banza ba koto, ga kifi a wurin. Na ce bari in taimaka. Na ɗauko wani sabon mai buje baƙi da ja, na zura, na jera duwatsu yadda na gani, na duba awartakin ban gan shi ba, sai na ce ai ga ranar ƙullin kaminyo. Na yi mai ƙulli na ƙara wani a kai, na ja da hannu na ji daram, ko yawu ban sa mai ba balle in gwada da sikeli. Na saki abina ban gaya wa kowa ba, ina jin kaina.

Ba a yi rabin awa ba maƙalin tangon ya yi ɗas, mullinen ya fasa wata irin kururuwa da ba irin ta ɗazu ba, zare na fita kamar an ɗaura shi a bayan mota. Wannan bai yi tsalle ba, ƙasa ya nufa, duk suka ce ton ne babba, wato kifin tuna. Mai jirgin da kansa ya ce a ba baƙo. Na riƙe, bayana kamar zai ɓalle, ƙafafuna na rawa, na samu ya tsaya na fara karɓo zare kaɗan kaɗan, na yi kamar minti 10 ina wannan, a raina har na fara tsara yadda zan ba da labari a fada. Sai sandar ta miƙe. Ba ƙara ba komi, nauyin ne kawai ya tafi.

Ɗan Gaya ya naɗo ya kama bakin zaren ya ɗaga sama kowa ya gani. A nannaɗe yake kamar taliyar indomi. Ya ce in an yanke sumul haƙori ne, in ya yi kaushi ya kwarzane gogayya ce, in ya nannaɗe haka kuwa ƙulli ne ya zame, kuma shi bai yi ƙulli ko ɗaya ba jiya. Ya juyo ya ce, "Yaya, tan 30 ko?" Mai jirgin ya yi dariya har ya zauna a kan akwatin ƙanƙara, ni kuwa da ƙasa na kusa da na shige, ga shi ba ƙasar. Na ce zan biya kuɗin koton ya ce in bari, amma sauran ranar duk ni aka ba awartakin, na matse bututu ya kai 10 yaron na dubawa yana yanke waɗanda na matse har gefe.

Azahar a zaune muka yi ta. Na tsaya neman ruwan gora don alwala ɗan Gaya ya ce ɗebi na teku, ai hadisi ne, ruwanta mai tsarki ne mushenta halal ne, karatun da na yi tun ina makarantar allo ban taɓa zaton zan yi aiki da shi ba. Muka dawo kafin la'asar da dorad 3, barakuda 1 da ƴan bonit guda 4, wasu ƙananan dangin ton. Kuma ba a tafi gida ba sai da aka wanke kowace sanda da mulline da koto da ruwan famfo aka shanya, don gishiri ba ya barin ƙarfe. Koton da ya kama mani dorad ɗin gezarsa ta yayyage, shi ɗan Gaya ya ba ni tare da guntun zaren nan mai nannaɗe, ya ce in kai Maradi in nuna.

Na kuwa nuna. Bayan mun dawo da sati biyu na tafi Madarumfa wajen wani tsoho masunci abokin kawuna, na kwashe labari na ba shi, ya juya abin a hannu ya shinshina ya ce, "Yaro, kihin da ya ci wanga yunwa ta yi mai yawa." Na matsa sai mun gwada, jikokinsa biyu suka tuƙa kwalekwale iya ƙarfinsu ina riƙe da zare a baya, ina kilomita 13 a awa ina filafili, abin ya nutse ya kwaso ciyawa muka dawo yaran na haki. Baba bai ce komi ba, ya dai gwada ƙugiyar a farcensa ya ga ta kama, ya ce wannan kam a bar mai ita ko Allah zai kawo giwan ruwa. Na yanke na ba shi. Sauran na zo na rataye a madubi da guntun zaren, da ƙullin kaminyo, kuma har yau bai kwance ba.